Waiwaye: Gajeren kara, da cutar shinkafar da ta tona asirinsa

Muhawarar da ake tafkawa kan gyaran ƙwayoyin halittar hatsi, da gajeriyar masarar da ake ta gwadawa, da yawan takin da irin zamani ke sha, tana da dogon tarihi.

An san labarin masanin noma Norman Borlaug da gajeriyar alkamar da ya fitar a Meziko daga irin Japan mai suna Norin 10, sai gajeriyar shinkafar IR8 da wasu masana suka fitar a Filifin a 1966, sai kyautar Nobel da aka ba Borlaug a 1970. Gajeren kara ba ya kwanciya ko zangarniya ta yi nauyi.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a Taiwan a 1926. Manoman shinkafa sun daɗe suna ganin wasu tsirrai suna zarce 'yan uwansu tsawo, sirara, ganye a koɗe, daga baya su kife ba ko ƙwaya. Wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya raini fangas (wato ƙwayar cuta dangin funfuna) ɗin da ke jawo cutar, ya tace ruwan da ya rayu a ciki, ya zuba wa lafiyayyun tsirrai. Babu fangas a ruwan, amma suka miƙe zalau-zalau kamar masu cutar. Ashe wani sinadari ne ke ba kara umarnin tsawo. Wani masanin Japan ɗin, Teijiro Yabuta, ya raɗa masa suna jibaralin a 1935. Da yake da Japananci aka wallafa binciken, ga kuma yaƙin duniya, sai a shekarun 1950 masanan Turai da Amurka suka farga, har aka gano tsiro da kansa yana haɗa wannan homon, wato sinadarin da ke sarrafa girmansa.

A ganina nan gizo ke saƙar. Masu haɗa iri sun gajarta hatsi ba tare da sanin me suka taɓa ba. Sai a 1999 aka gano yadda wasu ƙwayoyin halitta masu suna Rht ke sa gajeriyar alkama ba ta jin kiran jibaralin sosai, a 2002 kuma aka ga wata mai suna sd1 ce ke hana gajeriyar shinkafa samar da isasshensa.

Kuma ba kara kaɗai homon ɗin ke kula da shi ba. Gajeriyar alkamar nan kuben da ke rufe tsironta shi ma gajere ne, idan aka binne ta da zurfi don neman danshi da ƙyar take huda ƙasa. A 2018 masu bincike a Sin suka nuna cewa wani furotin mai danne tsawo, DELLA, da ke taruwa a gajeren hatsi yana rage masa ƙarfin zuƙar naitirojin, sinadarin da ke cikin taki, kuma ƙara yawan wani furotin, GRF4, yana gyara hakan ba tare da karan ya ƙara tsawo ba.