Zaman Legas da Bangaskiya: Tambayoyin da 'Yan'uwa Ke Yawan Yi

A sassan Legas da 'yan Arewa suka yi yawa, kamar Agege, Mile 12, Obalende da Ojo, duk ranar Lahadi za ka ji ana raira waƙoƙin sujada da Hausa. Masu taruwan sun fito ne daga kudancin Kaduna, Filato, Tangale, Zuru, Adamawa, Taraba da kudancin Borno. Akwai masu gadi, direbobi, 'yan acaba, masu aikin gida, 'yan gwari, da sojoji da 'yan sanda na bariki. In an tashi daga sujada an tsaya gaishe-gaishe, tambayoyin da ke damun mutane kusan iri ɗaya ne.

Tambaya: Na zo Legas nema da niyyar in yi shekara biyu in koma gida. Shekaru sun shuɗe, ban tara komai ba. Allah ya manta da ni ne?

Amsa: Ɗan'uwa, bai manta da kai ba. Amma ina so mu duba yadda kake zaman, domin a nan ne matsalar yawancinmu take. Da yawa muna Legas da jiki kawai, zuciya tana ƙauye. Ba mu koyi sana'a ba domin "ai komawa za mu yi". Ba mu sa suna a wata ikkilisiya ba, ba mu koyi ko gaisuwa da Yarbanci ba, har shekara goma ta wuce muna zaman jira.

Mutanen Yahuza da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu sun yi irin wannan tunani. Wani annabi mai suna Hananiya ya ce cikin shekara biyu za a komo da su gida, magana mai daɗin ji kuwa. Sai Irmiya ya aika musu da wasiƙa, tana nan a Irmiya 29. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, gama lafiyarsa ita ce lafiyarsu. Ya kuma gaya musu gaskiyar da ba su so ji ba: zaman zai kai shekara 70. Aya ta 11 da muke so ƙwarai, wadda ke cewa Allah yana da shirin alheri dominmu ba na masifa ba, a cikin wasiƙar nan take. Mutanen da aka fara faɗa wa ita, dattawan cikinsu ba su ga ranar komawa da idonsu ba. Duk da haka alkawarin nasu ne, kuma a Babila ya fara aiki, ba sai sun isa Urushalima ba.

Don haka ka daina ƙirga kwanakinka a Ikko kamar kwanakin da aka ɓata. In Allah ya nufa ka koma gida, za ka koma. Kafin nan, nan ce gonarka.

Tambaya: Wahalar da nake sha hukunci ne saboda wani zunubi?

Amsa: Akwai wahalar da mutum ke jawo wa kansa. Wanda ya kwashe albashinsa ya kai gidan caca ko mashaya, ba sai an yi masa wahayi ba, ya san mafarin yunwarsa, kuma hanyarsa tuba ce. Amma ba kowace wahala ce haka ba. Da almajirai suka ga makaho tun daga haihuwa suka tambayi Yesu ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:1-3). Abokan Ayuba sun dage cewa lalle ya aikata wani abu, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa. Yesu da bakinsa ya ce a duniya za mu sha tsanani (Yahaya 16:33). Tsadar haya da tashin kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sun taɓa mai ibada da marar ibada baki ɗaya.

Tambaya: An kama babur ɗina, sana'ata ta tsaya. Kowa na ce mini in yi haƙuri. Haƙurin nan na nufin in zauna in jira ke nan?

Amsa: A'a. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya kuma aka ƙara wasu. Iyalai da dama sun shiga ƙunci, kuma duk wanda ya raina zafin wannan abu bai taɓa rasa abin da zai ba 'ya'yansa da safe ba. Amma dokar tana nan, komawa kan titin da aka hana kuwa sake jefa kai cikin hasara ne.

Haƙurin da Littafi Mai Tsarki ke koyarwa jimiri ne na mai aiki. An sayar da Yusufu yana da shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30. A shekaru 13 ɗin nan bai naɗe hannu ba. A gidan Fotifar ya koyi riƙon dukiya, a kurkuku ya koyi riƙon mutane, kuma da waɗannan biyun ya riƙe Masar a lokacin yunwa. Bulus manzo ne, amma a Koranti ya zauna da Akila da Bilkisu suna ɗinkin tanti (Ayyukan Manzanni 18:3).

Ka nemi dattawan ikkilisiyarku ka faɗa musu halin da kake ciki ba tare da kunya ba. Cikin 'yan'uwa akwai makanikai, kafintoci, masu walda, masu ɗinki, masu sarin kayan gwari. Babba da gemu ya koma koyon sana'a a hannun wanda bai kai shi shekaru ba, akwai ciwo, na sani. Amma ciwon nan yana da ranar ƙarewa. In ka fara samu, ka shiga adashe da mutanen da ka amince da su, ka kuma riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ko a bayan littafin yara ne. Girman ruhaniya bai rabu da waɗannan ƙananan abubuwa ba.

Tambaya: Ina jin masu wa'azi a mota da rediyo suna cewa in na "shuka iri" na kuɗi mai yawa, talaucina zai ƙare. In bayar?

Amsa: Baiko da zakka aikin godiya ne, kuma ikkilisiya tana bukatarsu domin hidimar bishara da taimakon gwauraye da marayu. Amma albarkar Allah ba hajar kasuwa ba ce. Siman masihirci ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Abin yana ƙona mini rai in ga uwa ta ɗauki kuɗin makarantar ɗanta ta kai gaban bagade domin an tsorata ta. Duk wanda ya sa wa addu'a farashi, ko ya ce ka ci bashi ka kawo, ka yi nesa da shi, ko da taronsa ya cika filin ƙwallo. Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba (2 Korantiyawa 9:7).

Tambaya: Mutanen gida suna ganin duk wanda ke Legas mai kuɗi ne. Kullum waya, kullum bukata. Zunubi ne in ce ba ni da shi?

Amsa: Kula da iyaye da iyali wajibi ne, 1 Timoti 5:8 ba ta bar mana mafita ba. Amma ƙarya ce ke kashe mu. Muna zuwa gida lokacin Kirsimeti da sababbin kaya na bashi, sai a ɗauka muna cikin daula, alhali mutum shida ne a ɗaki ɗaya. Ka gaya wa Baba da Mama gaskiyar abin da kake samu da abin da mai gida ke karɓa na hayar shekara. Ka yanke abin da za ka iya turawa kowane wata, ka tsaya a kansa. Kaɗan da ke zuwa a kan lokaci ya fi alkawari babba da ba ya cika.

Tambaya: Aikin gadi nake yi, sau da yawa Lahadi ina bakin ƙofa. Addu'ata ma ta bushe, ba na jin komai. Yaya zan yi girma cikin bangaskiya?

Amsa: Daniyel ya yi aikin gwamnati a ƙasar da ba ta san Allahnsa ba, amma yana da lokutan addu'a uku a rana da bai bari wani abu ya taɓa ba. Ka zaɓi lokaci guda da ka san naka ne, ko da asuba ne kafin a fara buɗe ƙofa, ko cikin danfo in an tsaya a cunkoso. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yanzu yana cikin waya, har da na saurare ga wanda karatu ke yi wa wuya. Sura ɗaya a rana ta isa farawa.

Game da bushewa, kada ka auna bangaskiyarka da yadda kake ji. Karanta Zabura 13 da 88, za ka ga bayin Allah suna tambayarsa "har yaushe?" da "don me?" ba tare da ɓoye komai ba. Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da wata ta'aziyya ba, amma tana cikin Littafin. Abu ɗaya da ba zan sassauta maka ba shi ne zumunci. Zumunta a ƙafa take. In Lahadi ba ta yiwu, ka roƙi maigidanka cikin ladabi ya ba ka ko sau ɗaya a wata, ko ka nemi addu'ar tsakiyar mako. Ku dubi 'yan Zumuntar Mata, yadda suke zagayawa gidan haihuwa da gidan makoki da gadon asibiti. Mu maza muna da abin koyo a wurinsu, domin yawancin waɗanda Legas ta haɗiye, kaɗaici ne ya fara cin su.

Tambaya: Ba na barci, ba na son abinci, wani lokaci ina jin gara in mutu. Zuwa asibiti rashin bangaskiya ne?

Amsa: Ko kaɗan, 'yar'uwa. Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi (1 Sarakuna 19). Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Ki faɗa wa wadda kika amince da ita yau, kada ki bari sai gobe, ki kuma bari a raka ki wurin likita. Akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai manyan asibitocin jiha. A sha magani, a ci gaba da addu'a. Ku kuma 'yan'uwa, ku daina kiran irin wannan ciwo da sunan aljanu ko raunin imani, kuna ƙara wa mai kaya nauyi ne.

Tambaya: Mun gudo daga rikici, an kashe namu, an ƙone gidanmu. Wane amfani ke cikin irin wannan hasara, kuma yaya zan gafarta?

Amsa: Ba zan ce miki na san dalilin ba, kuma kada kowa ya gaggauta ki. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta ga an sace 'ya'yanta a Chibok a watan Afrilun 2014, a watan Oktoba kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Har yau ikkilisiyar tana tsaye, tana koyar da zaman salama.

Akwai kuma labarin da ya faro a nan garin. Ranar 4 ga Disamban 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kai bishara Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Gafara ba ta nufin cewa abin da aka yi daidai ne, ba ta kuma hana neman shari'a. Tana nufin kin bar ramako a hannun Allah (Romawa 12:19), kuma mai yiwuwa sai kin maimaita wannan sau da yawa kafin zuciya ta bi. Ki kuma kula kada zafin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Malamin da kuke haya gida ɗaya da shi a Agege, wataƙila shi ma gudowa ya yi daga Gwoza ko Zamfara, ya binne nasa. Ki gaishe shi da safe, ki tambayi lafiyar iyalinsa, in Kirsimeti ta zo ki aika musu da abinci kamar yadda aka saba a gida.