Sinadaran Haɓaka da Samuwar Hanta a Cikin Tayi

Sinadaran haɓaka ƙananan furotin ne da wasu ƙwayoyin jiki ke fitarwa don su isar da saƙo ga maƙwabtansu, cewa su hayayyafa, ko su ƙaura, ko su rikiɗe su kama wani aiki. Hantar ɗan tayi ba ta iya ginuwa sai da irin wannan saƙo.

A jikin ɗan Adam hanta tana fara tsirowa ne wajen mako na 4 da ɗaukar ciki, daga bangon gaban hanjin tayi. A lokacin nan zuciya ce ke daura da wurin, kuma ita ke aiko da sinadarin haɓaka mai suna FGF, naman da ke kewaye kuma yana ba da wani mai suna BMP. Binciken ɗakin gwajin Kenneth Zaret a Amurka, a 1999 da 2001, shi ya tabbatar da haka a jikin ɓeraye. Abin ban sha'awa a nan shi ne ma'auni: FGF kaɗan yana sa ƙwayoyin su zama hanta, idan ya yi yawa sai su nufi zama huhu. Kamar gishiri ne a miya, yawansa ke yanke hukunci.

Ƙwayoyin farko da suka samu suna da hanya biyu a gabansu. Mafi yawansu kan zama ainihin ƙwayoyin hanta, waɗanda ke kusa da babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji kuma su zama bututun madaciya, saboda a nan sinadarin TGF-beta ya fi yawa.

Girman hantar kuwa ya dogara sosai ga wani sinadarin haɓaka mai suna HGF, wanda Toshikazu Nakamura na Japan da abokan aikinsa suka gano a 1984 cikin jinin ɓerayen da aka yanke musu wani ɓangare na hanta. A 1995 aka ga cewa tayin ɓeran da ba shi da HGF yakan mutu a ciki, hantarsa ƙarama, mabiyiyarsa ma ba ta cika ba.

Daga wajen mako na 6 hanta ce ke sarrafa jinin tayi, kafin ɓargo ya karɓi aikin. Waɗannan ƙwayoyin jini ba zaman banza suke yi ba, suna fitar da wani sinadari mai suna onkostatin M, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin hanta su gama girma. Wajen mako na 12 ake fara yin ruwan madaciya.

Wannan ilimi yana da amfani har a ɗakin duba marasa lafiya. Hantar tayi tana yin furotin AFP da yawa, bayan haihuwa sai ya ragu ƙwarai. Idan likita a Kaduna ya nemi a auna shi a jinin babban mutum mai ciwon hanta nau'in B, yana binciken ko sankara ta fara ne, domin ƙwayoyin sankarar hanta sukan koma yin abin da suka bari tun suna cikin mahaifa.