Waiwaye: Ko arziki na gyara hali? Abin da Zamfara ta gani

Wannan gardama ta girmi jihar kanta. A wajen 1807, lokacin da jihadi ke samun nasara kuma ganima ke shigowa, Malam Abdullahi na Gwandu ya bar runduna ya nufi gabas, don ya ga mutanensa sun koma neman mulki da tara dukiya. Kanawa ne suka tsayar da shi. Wato tun wancan zamani malaman wannan yanki sun san cewa buɗi na iya zuwa hali ya ja baya.

An ƙirƙiro Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, da fatan gyaran tarbiyya. Sai dai babbar jarrabawar daga ƙarƙashin ƙasa ta fito. Da farashin zinare ya haura a kasuwar duniya, manoman Anka da Bukkuyum suka ajiye fartanya suka shiga rami. Ana kawo duwatsun cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Duwatsun kuwa cike suke da dalma mai guba. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma.

Babu uban da ya nufi ɗansa da sharri. Kuɗi ne suka riga sani isowa. Abin da ya rage mace-macen shi ne kankare saman ƙasar gidajen a zuba sabuwa, ba yara maganin fitar da gubar, da mayar da niƙa bayan gari. Ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka kankare ƙasarsa.

Haka labarin babur da waya. Babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibiti shi ke ɗauko 'yan bindiga uku-uku, wayar da ɗan kasuwa ke jin farashin Gusau da ita kuma ita infoma ke riƙe da ita. Shi ya sa a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mai gaskiya da ɓarawo duk suka ji a jikinsu, mai gaskiyar ma ya fi.

Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Dalmar dai tana nan cikin dutsen.