Kaka da jika: amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi mini

Ni kaka ce, kuma tambayoyin nan na amsa su a gidan suna, na amsa a gidan biki, na amsa a waya har bakina ya gaji. Ga su a wuri ɗaya. Wadda ta sake tambaya, nan zan turo ta.

Kakar yarana tana ce wa ɗana "mijina", 'yata kuma "kishiyata". In hana?

A'a. Wasan kaka da jika ne, ya girme ki, ya girme ni. Kaka namiji ma "matata" yake ce wa jikanyarsa, ya tambaye ta ina tuwonsa. Yaron da ba ya iya haɗa ido da ubansa, a nan kaɗai yake samun babban da zai tsokana ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ki bar su.

To ina iyakar wasan?

Ya ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce masa miji marar cefane, duk daidai ne. Zagi, ɗaga hannu, ko ta aike shi ya murguɗa baki, nan wasa ya ƙare, kuma ke za ki nuna masa.

Tana shagwaɓa mini su.

Eh, tana yi. Tarbiyya aikinki ne da na ubansu, ita ta gama nata a kanku. In yaro ya yi laifi ya ruga bayanta, kada ki fizgo shi daga jikinta. Ki jira ya fito, laifin ba zai gudu ba. Alawa da lemon kwalba kullum ne kawai zan ce a yi magana a kai, saboda haƙora. Ita ma maganar a yi ta a ɗaki, yara ba sa nan.

Me za su yi tare? Yarana ba abin da suka sani sai waya.

Wa ya miƙa musu wayar? Ku ne fa. Kuna zuwa gaishe da Hajiya, ku zube yara a falo kowa da waya a hannu, ku shige ɗaki hira, sannan ku ce ba su shaƙu da ita ba.

Ba a shirya wa kaka da jika wani abu na musamman. Aikin da take yi shi za su yi. Tsintar wake, ɓarar gyaɗa, watsa wa kaji tsaba, miƙo ludayi in tana dama fura. Ta tsefe wa yarinya kai, ta ƙunsa mata lalle. Namijin ya riƙe wa kakansa darduma zuwa masallaci, ya zauna gefensa a jikin rediyo lokacin labarai, ya koyi dara in tsohon yana yi, ya biya masa allonsa bayan asuba. Bayan isha'i kuma "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta".

Kuma ku koya musu tambaya. Wadda ta haura saba'in ta ga ranar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama a 1972. Ta ga canjin kuɗi a 1973, aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Ta san abin da aka ci a lokacin farin da aka yi a waɗancan shekarun, wanda ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi daga arewacin Nijeriya har Nijar. Ta san wa ya haifi wa a danginku, da garin da kakanninku suka taso. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, a bakinta yake, kuma ba ta faɗa sai an zauna.

Tatsuniya ba ƙarya ba ce?

Ɗan shekara huɗu ya san Gizo da Ƙoƙi ba maƙwabtanku ba ne. Ba wanda aka yaudara.

Uwar mijina ta ce in na yaye yaron a kai mata shi ya zauna wurinta gaba ɗaya. In yarda?

Wannan kam ba ta eh ko a'a ba ce, 'yata, kuma duk wanda ya yanke miki ita da kalma ɗaya bai san gidanku ba.

Kai yaro yaye daban, riƙo daban. Yaye na 'yan kwanaki ne ko makonni: ya manta nono, ya kama kunu, a dawo da shi. Ko a nan ma na fi son a rage masa nonon sannu a hankali, kuma ya riga ya saba da kakar tun kafin ranar. Ɗauke yaro daga bayan uwarsa a dire shi a hannun da bai sani ba, kukan da yake yi ba na nono kaɗai ba ne.

Riƙo kuwa shekaru ne. Al'adarmu ta san shi, musamman ga ɗan fari da iyaye ke yi wa alkunya, kuma mutanen kirki da yawa a ɗakin kaka suka tashi. Annabi (SAW) da mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib ne ya riƙe shi har ya kai 8. Don haka ba aibi ba ne. In ciki ya shige ki kafin yaye, ko ba ki da lafiya, ko aiki yana fitar da ke tun safe sai dare, ɗakin kaka na iya fin gidanki zama alheri ga yaron. Na ce "na iya", ban ce dole ba.

Abin da za ku duba, ke da mijinki, tsakani da Allah: ƙarfinta. Za ta iya tashi tsakar dare in zazzaɓi ya rufe shi? Idonta yana gani sosai? Akwai wata babba a gidan, ko ita kaɗai ce? Tsakaninsu da asibiti tafiyar nawa ce, musamman da damina? Akwai gidan sauro? Rijiyar gidan a rufe take? Katin rigakafinsa ya cika? Sannan abin da ba wanda ke tunawa sai an yi ɓarna: maganin hawan jini da na suga da tsofaffinmu ke ƙullewa a leda su tura ƙarƙashin matashi. Ƙwayar da take sha kullum lafiya lau tana iya halaka ƙaramin yaro. Ko riƙo, ko ziyarar wuni ɗaya, a ɗaga su sama a kulle.

Ki kuma nemi dalilinta. Wata kaɗaici ne ke damunta, wannan ana gane shi, ana tausaya masa. Wata kuma hannu take nema, to ɗan shekara biyu ba zai ɗebo mata ruwa ba, ƙarin aiki ne, 'ya'yanta ya kamata su nemo mata mai taya ta. In yarinya ce, ku tabbatar riƙon ba zai ƙare a tiren talla ba, makaranta ta wuce ta. Ci da sutura da kuɗin magani da na makaranta suna nan a wuyan uba, ko a ina yaron yake kwana. Masu tura ɗa ƙauye su ɗauke ƙafa sai Sallah, ku ji tsoron Allah.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi kowa haƙƙin reno, bayanta sai mahaifiyarta, don haka ba a tilasta miki. Amma na faɗa miki ne don hankalinki ya kwanta, ba don ki je ki karanta wa surukarki ba. Ɗanta ne zai yi mata magana, cikin ladabi. Kuma tsakanin "ɗauki" da "ba zan bayar ba" akwai fili: in gari ɗaya kuke, ya wuni can ya kwana gida; in da nisa, a bari ya yi wayo, ya riƙa zuwa hutu. In kun yarda da riƙon, ku sa lokaci tun farko, ku ce a gwada zuwa Babbar Sallah, yadda ɗauko shi ba zai zama cin fuska ba. Wataƙila duk da haka a ɓata rai. Wataƙila kuma ku ga yaron ya yi ɓul-ɓul ya ƙi biyo ku. Duka biyun suna faruwa.

Tana ɗura wa jaririna ruwa da zuma, ta ce haka ta yi wa ubansa.

A nan ba na sassauci. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ko a zafin bazara. Akwai ruwan da yake buƙata a cikin nonon. Zuma kuma sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. Kada ki yi gardama da ita. Ranar awo ku tafi tare, ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mata da bakinta. Tsohuwa ba ta son jikanta da cuta. In ta gamsu, ita za ta riƙa hana wasu.

Mahaifina ba ya wasa da jikoki, wai girma zai zube.

Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban mutane. Girman wa ya fi nasa?

Muna Legas, iyayenmu suna gida. Kiran bidiyo bai isa ba?

Bai isa ba, amma ku yi. Babbar matsalar ma ba nisan ba ce. Kun hana yaran Hausa a gida, wai don Turancinsu ya goge, yanzu kakarsu tana "sannu mai gidana" suna kallonta kamar baƙuwa. Ku yi musu Hausa, makaranta za ta ba su Turancin. Dogon hutu kuma a kai su, kuma kafin a tafi a koya musu durƙusawa su ce "ina kwana".

Ta fara manta sunayensu, tana maimaita labari ɗaya, wani lokacin tana sambatu. Yaran sun fara tsoronta.

Ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da nasu. Kada in ji an ce mayya, kada in ji an ce aljanu. Ciwon mantuwa ne da ke kama wasu tsofaffi, wani lokacin kuma suga, ko wata cuta, ko maganin da take sha ne ke rikita ta, kuma irin wannan yakan gyaru in an gano shi da wuri. Ku kai ta likita ya duba. Yaran su ci gaba da shiga ɗakinta da babba a kusa, su faɗi sunansu in sun gaishe ta, in ta sake labarin jiya su saurara. Amma daga yau kada a bar mata jariri ita kaɗai, kuma a ɗauke mata aikin murhu.