Inshorar diyyar ma'aikata a harkar tireloli a Amurka

Inshorar diyyar ma'aikata ita ce wadda mai kamfani ke saya domin a biya kuɗin magani da wani kaso na albashin ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki, a kuma biya iyalinsa idan ya rasu. A harkar tireloli da jigilar kaya ana yawan haɗa ta da inshorar mota, alhali ba abu ɗaya ba ne. Inshorar mota ta shafi motar da mutanen da aka yi wa ɓarna a hanya, inshorar kaya ta shafi lodin da aka ɗauko, ita kuwa wannan jikin direban take karewa. A Amurka kowace jiha da tata dokar, don haka farashi da ƙa'idoji suna sauyawa daga jiha zuwa jiha.

Tarihi

A ƙarni na 19, ma'aikacin da ya ji rauni a Ingila ko Amurka ba shi da hanyar samun diyya sai ya kai ubangidansa kotu ya tabbatar da sakacinsa. Masu kamfanoni kuma suna da hujjoji uku da suke kare kansu da su. Ta farko, idan ma'aikacin yana da hannu a hatsarin, komai ƙanƙantarsa, ya rasa komai. Ta biyu, idan abokin aikinsa ne ya jawo hatsarin, ubangida ba ruwansa. Kotun jihar Masacusets ta ƙarfafa wannan a 1842 a shari'ar wani direban jirgin ƙasa mai suna Farwell, wanda hannunsa ya lalace saboda sakacin mai juya layin dogo, bai kuma samu ko sisi ba. Ta uku, an ɗauka cewa duk wanda ya karɓi aiki mai hatsari ya yarda da hatsarin tun ranar da aka ɗauke shi. Da waɗannan hujjoji aka mayar da guragu da zawarawa da yawa gida hannu rabbana.

Jamus ce ta fara sauya lamarin, a 1884, zamanin shugaban gwamnati Bismarck, da dokar inshorar hatsari wadda ba ta tambayar laifin wane ne. Birtaniya ta yi tata dokar a 1897. A Amurka abin ya zo da wahala. Jihar New York ta yi doka a 1910, babbar kotun jihar ta soke ta ranar 24 ga Maris, 1911, tana cewa tilasta wa mai kamfani biya ba tare da laifi ba ƙwace dukiya ne. Washegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata baƙin haure. A wannan shekarar ce Wiskonsin ta kafa dokar da aka fi ɗauka a matsayin ta farko da ta ɗore. Kotun Ƙoli ta ƙasa ta amince da irin waɗannan dokoki a 1917, Misisipi kuma ita ce ta ƙarshe a cikin jihohin lokacin, a 1948.

Tsarin ya ginu ne kan ban gishiri in ba ka manda. Ma'aikaci ya bar 'yancin kai ubangidansa ƙara kan rauni, aka tabbatar masa da magani da diyya ko da kuskuren nasa ne. Mai kamfani ya yarda ya biya ko ba shi da laifi, aka ƙayyade masa iyakar abin da zai biya.

Sauran ma'aikatan sufuri sun bi wata hanya dabam. Ma'aikatan jirgin ƙasa suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1908, ma'aikatan jirgin ruwa ta 1920, masu lodi a tashoshin ruwa ta 1927. Direbobin tirela sun tsaya a hannun jihohi, duk da cewa aikinsu ƙetare iyakokin jihohi ne. Dokar 1980 da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, wadda ta sassauta ƙa'idojin shiga harkar jigila, ta yawaita ƙananan kamfanoni da direbobi masu motar kansu. Yawancin rigingimun da ake yi a yau kan wanda inshorar ta shafa daga nan suka ƙara ƙamari.

Wanda doka ta wajabta wa

A Kalifoniya ma'aikaci ɗaya ya isa a wajabta wa kamfani inshorar. A Jojiya sai sun kai uku, a Alabama da Misisipi biyar. Texas ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu zaɓi, amma wanda ya ƙi shiga ana iya kai shi kotu, kuma ba zai fake da tsofaffin hujjojin nan uku ba. A Ohayo, Dakota ta Arewa, Washington da Wayomin, asusun gwamnatin jiha ne ke sayar da inshorar, ba kamfanoni ba. Hukumar tarayya mai kula da manyan motoci tana neman inshorar ɓarna ta aƙalla dala 750,000 ga mai jigilar kaya na yau da kullum, amma diyyar ma'aikata ba huruminta ba ne.

Yadda ake lissafin kuɗin

Tushen lissafin shi ne jimillar albashi. Ana raba ayyuka rukuni-rukuni, kowane da lambarsa da farashinsa a kan kowace dala 100 ta albashi. A yawancin jihohi cibiyar inshorar diyya ta ƙasa, NCCI, wadda aka kafa a 1923, ita ke tattara alƙaluma da tsara rukunan. Lamba 7219 ta jigilar kaya da manyan motoci ce, 8810 kuma ta ma'aikatan ofis. Farashin direba yana ninka na akawu sau da yawa, shi ya sa kamfanonin inshora ke sa ido kan wanda aka rubuta akawu alhali yana shiga fili yana taimakawa wurin lodi. Jihar Washington da awannin aiki take lissafi, ba da albashi ba.

Bayan haka sai a ninka da ma'aunin tarihin raunukan ma'aikatan kamfanin, wanda ake ɗauka daga shekaru uku da suka wuce, ban da ta bayan nan. Ma'auni 1.00 shi ne matsakaici. A matsayin misali kawai, kamfanin da ke biyan direbobi dala 500,000 a shekara, a farashin dala 8 kan kowace 100, zai biya dala 40,000. Idan ma'auninsa 1.25 ne kuɗin ya koma 50,000, idan 0.85 ne ya sauka zuwa 34,000. Ma'aunin ya fi tsananta wa yawan raunuka a kan girman rauni guda, domin ƙananan raunuka masu maimaituwa alama ce ta yadda ake tafiyar da aiki. A ƙarshen shekara ana binciken littattafan albashi, a ƙara wa kamfani kuɗi ko a mayar masa. Wanda kamfanonin inshora suka ƙi, galibi sabon shiga ko mai mummunan tarihi, yana samun inshora a rukunin da jiha ta tanada, da tsada.

Raunukan da aka fi samu

Direbobin manyan motoci suna cikin waɗanda suka fi mutuwa a bakin aiki a Amurka, akasari a hatsarin hanya. Amma raunuka da yawa suna faruwa ne motar tana tsaye. Direban da ya shafe awanni a zaune, ƙafa ta yi sanyi, sai ya buɗe ƙofa ya diro fuska gaba, matakalar ta jiƙe da mai ko ƙanƙara, gwiwa ta tafi. Wani yana saman lodi yana jan tamfol, iska ta cika tamfol ɗin ta jefo shi ƙasa. Wani kafaɗarsa ce ke yagewa wurin murɗa ƙafafun tirela ko ɗaure sarƙa. Saboda haka ake koya wa direbobi sauka suna fuskantar motar, gaɓɓai uku riƙe da ita a kowane lokaci. Raunin direba yana da tsada don wani dalili kuma: ba zai koma tuƙi ba sai ya cika sharaɗin lafiya na tarayya, ƙaramin kamfani kuma ba kasafai yake da aiki marar nauyi da zai ba shi kafin ya warke ba.

Abin da ake biya

Kuɗin magani, da kusan kashi biyu bisa uku na matsakaicin albashin mako har zuwa iyakar da jiha ta sa, bayan jiran kwana uku zuwa bakwai. Akwai diyyar naƙasa ta dindindin, da ta iyali da kuɗin jana'iza.

Direba mai motar kansa

Nan ne gardamar take. Direban da ya mallaki kan tirela ya ba kamfani haya shi da motarsa, galibi ana ɗaukarsa ɗan kwangila, don haka ba ya cikin inshorar kamfanin. Da yawa suna sayen inshorar hatsarin sana'a, wadda ta fi sauƙi amma tana da iyakar kuɗi da ta lokaci. Ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa kamfanoni na laƙaba wa ma'aikata sunan 'yan kwangila don guje wa biya, ƙungiyoyin masu motoci kuma suna cewa direbobin ne suka zaɓi cin gashin kansu. Kalifoniya ta tsaurara sharuɗɗan ɗaukar mutum a matsayin ɗan kwangila da dokar AB5 ta 2019, wadda ta fara aiki kan masu jigila bayan Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsu a Yunin 2022. Kotuna ba sa tsayawa kan abin da takardar kwangila ta ce. Sukan duba wane ne ke ba da umarni, da wanda ke tsara lokaci da hanya. Idan mai binciken inshora ya tarar da ɗan kwangila marar takardar shaidar inshora, yana iya lissafa kuɗin da aka biya shi a cikin albashi.

Rauni a wata jiha

Direban da aka ɗauka aiki a wata jiha, yake zaune a wata, ya ji rauni a ta uku, yana iya samun damar neman diyya a fiye da ɗaya. Takardar inshora tana da wurin da ake jera jihohin da kamfani ke aiki da waɗanda motocinsa ke ratsawa, sai dai wannan ba ya maye gurbin asusun jihohi huɗun da gwamnati ke riƙe da inshorar.