Yada zango na ɗan lokaci a Utrecht ga matafiyin jirgin ƙasa

Utrecht birni ne a tsakiyar ƙasar Holan, na huɗu a yawan jama'a bayan Amsterdam, Rotterdam da Den Haag. Masu zaga Turai a jirgin ƙasa da jakar goyo kan yada zango a cikinsa na kwana ɗaya zuwa uku, domin nan ne mahaɗar layukan dogon ƙasar, kuma tsohon gari na daf da tasha. Hedikwatar kamfanin jiragen ƙasa na Holan, NS, tana birnin, haka ma ta kamfanin da ke kula da tikitin Eurail da Interrail, wato tikitin zaga ƙasashen Turai a jirgin ƙasa.

Tasha da jirage

Utrecht Centraal ita ce tashar da ta fi kowace cunkoso a Holan. Daga nan zuwa Amsterdam Centraal tafiyar kusan minti 27 ce, filin jirgin sama na Schiphol kusan minti 30, Rotterdam kuma kusan minti 40. Jirgin ICE da ke fitowa daga Frankfurt da Kolon a Jamus yana tsayawa a nan bayan Arnhem, haka ma jirgin dare na Nightjet. Eurostar mai zuwa Paris da Landan ba ya bi ta Utrecht, sai an tare shi a Rotterdam ko Amsterdam.

Jiragen cikin gida iri biyu ne. Intercity na tsayawa a manyan tashoshi kawai, Sprinter kuwa ba ya wuce ko ƙaramar tasha. Ba a kama kujera a cikinsu, duk inda mutum ya samu ya zauna, muddin ya duba lambar 1 ko 2 da ke jikin tarago ta dace da ajin tikitinsa. Wasu taragun an rubuta musu stilte, wato shiru: ba a hira a ciki, ba a amsa waya.

Tikiti da ƙofofin shiga

A nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. Interrail, wanda aka soma a 1972, na mazauna Turai ne. Wanda ke zaune a wajen nahiyar kuwa, Eurail zai saya, kuma babban tikitin kowannensu na aiki a ƙasashe 33. Yawanci a waya ake riƙe shi, cikin manhajar Rail Planner, kuma sai an shigar da tafiya an kunna ta kafin a hau jirgi. Manyan tashoshin Holan na da ƙofofi masu buɗewa da kansu, kuma lambar QR ta tikitin ake ɗorawa a kan gilashin ƙofar. In ta ƙi buɗewa, sau da yawa hasken fuskar wayar ne ya yi ƙasa.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Waɗannan ƙofofi na karɓar katin banki kai tsaye ta tsarin OVpay. Idan akwai katin banki a cikin wayar, na'urar na iya karanta shi maimakon tikitin, a caji mutum kuɗin tafiyar da ya riga ya biya. Kashe NFC, wato fasahar da ke sa waya ta biya kuɗi da taɓawa, kafin a isa ƙofa ya wadatar.

Wanda zai biya da katin banki kuwa, ya taɓa shi a ƙofa lokacin shiga, ya sake taɓawa lokacin fita, da kati ɗaya tak. Katin roba da kwafinsa na cikin waya abu biyu ne a wurin na'ura. Wanda ya manta taɓawar fita za a cire masa fiye da kuɗin tafiyarsa, sai ya bi ta intanet ya nemi gyara. Katin sufuri na Holan, OV-chipkaart, marar suna shi ma yana aiki, amma sai da aƙalla Yuro 20 a cikinsa kafin ƙofar jirgin NS ta buɗe.

Ranar tafiya a tikitin Eurail daga sha biyun dare take zuwa sha biyun dare. In tikitin mai ƙidayayyun ranaku ne, ƙona rana guda a kan zuwa Amsterdam da dawowa asara ce. Gara a biya wannan daban, a adana ranar don doguwar tafiya. Tikitin ba ya aiki a bas, taragon cikin gari ko jirgin ƙarƙashin ƙasa. Nightjet da Eurostar kuma sai an kama wuri an biya ƙari, kuma guraben masu Eurail kan ƙare da wuri a lokacin zafi.

Jaka da masauki

Jaka mai cin lita 35 zuwa 45 ta isa, don tana shiga ma'ajin da ke saman kujera. Wadda ta fi haka sai a ƙasa, a tsakanin kujeru, kuma da safe ko yamma lokacin ma'aikata da ɗalibai wahala ce ga mai ita da maƙwabtansa. Tashar na da akwatunan ajiya da ake biya da kati, ba da tsabar kuɗi ba. Amfaninsu shi ne yawancin masaukai ba sa ba da gado sai da rana, alhali matafiyi na iya sauka da hantsi.

Masaukin mai jakar goyo ɗakin haɗaka ne mai gadaje masu hawa biyu, inda kuɗin gado ake biya ba na ɗaki ba. Ƙungiyar Stayokay na da reshe a dandalin Neude, cikin tsohon gari. A tafi da ƙaramin kwaɗo, tawul da abin toshe kunne. Akwai harajin baƙi da ake ɗorawa a kan kuɗin kwana, wani lokaci sai a wurin karɓar makulli ake ambatarsa. Kafa tanti a inda aka ga dama haramun ne a dokar ƙasar. Soket na Turai ne mai ƙafa biyu zagayayyu, wuta bolt 230, don haka caja mai ƙafa uku irin ta Najeriya na bukatar mahaɗi.

Abin da ake gani a kwana ɗaya ko biyu

Ana fita daga tasha ta cikin kasuwar zamani ta Hoog Catharijne, kuma cikin kusan minti 15 a ƙafa an kai dandalin Dom. Hasumiyar Dom, mai tsawon mita 112, ita ce hasumiyar coci mafi tsawo a Holan. An gina ta tsakanin 1321 da 1382. A da haɗe take da babbar majami'ar, sai guguwar 1674 ta rushe ginin tsakiya, ta bar fili tsakaninsu har yau. Matakalarta 465 ce, da ɗan jagora ake hawa, ba a kuma hawa da jaka.

Koramar Oudegracht ta ratsa garin, kuma ta bambanta da na Amsterdam: hawa biyu gare ta. Titi na sama, a ƙasa kuma dab da ruwa akwai dakali da tsoffin rumbunan 'yan kasuwa da aka haƙa ƙarƙashin titin, waɗanda yanzu akasari gidajen abinci ne. Mai sha'awar dogo ya nufi gidan tarihin jiragen ƙasa a tsohuwar tashar Maliebaan. Gidan Rietveld Schröder na 1924, wanda UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2000, sai an kama lokaci tun kafin a je. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin. Safiyar Asabar kuma kasuwar yadi ke ci a titin Breedstraat, kasuwar da ta haura shekara 400.

Keke, abinci da salla

Hanya mai jan kwalta ta kekuna ce, kuma masu keken ba sa rage gudu don baƙon da ya tsaya duba taswira. Ƙarƙashin dandalin tasha akwai wurin ajiye keke mai ɗaukar 12,500. Kekunan haya na OV-fiets na bukatar rajista da kati mai suna, saboda haka baƙo ya nemi shagon haya na gari.

Ruwan famfo ana sha. Shaguna da dama kati kawai suke karɓa, wasu kuma ba kowane kati ba, don haka a gwada katin a ranar farko, a riƙe 'yan kuɗi a aljihu. Bayan tasha, ta yamma, unguwar Lombok ce, inda masallacin Ulu yake, da mahauta da gidajen abincin halal na Turkawa da 'yan Maroko a titin Kanaalstraat. Kalmar varkensvlees a jikin kunshin abinci naman alade take nufi. Wurin da aka rubuta wa coffeeshop kuwa tabar wiwi ake sayarwa a ciki, ba gahawa ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuma tun 4:30 na yamma.

Takardu

'Yan Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan na bukatar bizar Shengen, wadda ke ba da har zuwa kwana 90 cikin kowane 180, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana nemanta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, wanda a irin wannan tafiya da wuya ya zama Holan. Doka ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 14 nuna shaidarsa idan 'yan sanda suka nema, don haka fasfo ba ya zama a akwatin ajiya. A ƙarshen mako akan yi gyaran dogo a sa bas a madadin jirgi. Manhajar NS ko ta 9292 kan nuna hakan, kuma ya kamata a duba tun daren da za a tashi.