Tirendin ba tashe ba ne

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Kaduna ba ka ji kalmar tirendin ba, kuma masu gabatar da shirye-shirye sukan fassara ta da tashe, har ka ji ɗan siyasa yana bugun ƙirji cewa sunansa ya kwana yana tirendin, alhali zaginsa aka kwana ana yi. Mai tashe jama'a ke yayinsa. Shi kuwa tirendin, abin da yake aunawa shi ne saurin da ambaton abu ya ƙaru a dandalin sada zumunta na intanet cikin 'yan sa'o'i, ko da yabo ko da tsinuwa.

Dubi Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, inda sahu kan fito har kan titi. Da a Twitter ne, wanda yanzu ake kira X, wannan taro ba zai yi tirendin ba, domin haka yake kowane mako. Amma mutum biyu su kama kokawa a Kasuwar Barci, kafin minti biyar an yi musu zobe, wasu na ɗaga waya, mai shayi ya bar tukunyarsa, to wannan shi ne tirendin. A 2010 Twitter ya gyara lissafinsa don ya fifita abin da ya taso farat ɗaya, sai sunan mawaƙi Justin Bieber, wanda ya daɗe yana mamaye jerin abubuwan da ke tirendin, ya sauka, ba don masoyansa sun ragu ba. Facebook ma ya soke nasa jerin a 2018.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ma'aunin ke ƙara ƙarfi gwargwadon cikar dandali. Lokacin da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu bai wuce ajinmu ba, kowa ya san uban kowa, kunya kaɗai ta isa ta hana ashar, kuma idan dattijo ya yi magana ana saurarawa. Da kamfanin ya ɗaga iyakar zaure zuwa mutum 1,024 a 2022, aka shigo da kowane aji, sai ya zama wanda ya fi tayar da ƙura shi ake ba amsa. Malamin da ke turo mana guraben aiki ya yi shiru, kuma sai bayan Sallah muka ankara cewa ya fita.